Beben Fiyanon Akawu

Ƙararrawar tafireta ce ta fara ɓace masa, 'yar ƙaramar nan da take bugawa idan layi ya kusa ƙarewa. Shekara talatin da ɗaya Akawu yana zaune a ƙarƙashin rumfar da ke kallon ƙofar kotu, yana buga wa mutane takardun rantsuwa da wasiƙun neman aiki da na ƙorafi, bai taɓa barin layi ya ƙure masa ba. Sai ga shi wata safiya, yana tsakiyar takardar wata mata da ta canza suna, maɓallai suka cije a ƙarƙashin yatsunsa. Layi ya ƙare, ƙararrawa ba ta yi magana ba. Ya buɗe murfi, ya ɗiga mai, ya sake gwadawa. Matar da ke jira a kan benci ta ce, "Baba, ai tana bugawa. Ni ina ji."

Likitan kunne bai ɓoye masa komai ba. Na dama ya riga ya yi nisa, na hagu yana bin sawunsa. Siraran sautuka su ke fara tafiya, in ji shi: kukan tsuntsu, ƙarar agogo, muryar jariri. Masu kauri su ne na ƙarshe. Da Akawu ya tambaya saura yaushe, likita ya ce wannan sai Allah, amma idan akwai abin da yake son ji, kada ya bari sai baɗi.

Akwai kuwa.

Akawu mutum ne siriri, ɗan shekara sittin da uku, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa guda da zare. Ba wanda ke kiran sunansa na yanka; har matarsa Akawu take ce masa, shi kuma yana ce mata Tela, don ɗinkin kayan 'yan makaranta take yi a gida. Tun shekarunsa na farko a bakin kotu wani kiɗa ya shiga kansa ya zauna. Ba shi da waƙa, ba shi da suna, kuma bai ji shi a wurin kowa ba. Daga aikin ya fito: bugun haruffa, ɗan tsayawa a tsakanin kalma da kalma, sannan ƙararrawa a ƙarshen layi. Layi takwas ne, kowanne yana hawa a hankali har ya ƙare da siririn sauti guda, can sama. Yakan rera shi a maƙoshi, baki rufe, ko yana aski, ko yana jiran mota. Ya ce idan yana rera shi, yakan ga kamar duk takardun da ya taɓa bugawa sun taso daga akwatunan mutane, farare fat, suna shawagi a kan rufin kotu kamar tattabaru. Abu ɗaya yake so kafin kunnen hagu ya rufe: ya ji kiɗan nan sau ɗaya daga waje, ba daga cikin ƙoƙon kansa ba.

A bayan tashar mota akwai shagon gwanjo da yake wucewa kullum. Ɗan lungu ne, cike da fankoki marasa fuka-fukai da agogunan bango da kowanne ke nuna nasa lokacin. A can ya ga abin jingine da bango: dogon allo baƙi mai maɓallai arba'in da tara, farare da baƙaƙe, uku sun yi rawaya don tsufa, abin murɗawa ɗaya ya gutsure, ga tabon wutar sigari a kusurwa. Mai shagon, wani ƙato mai saurin baki, ya ɗora shi a kan kanta, ya soka waya, ya danna maɓallai uku a tare. Wata ƙatuwar lasifika da ke saman shago ta amsa. Akawu ya ce har a ƙashin ƙirjinsa ya ji.

Abin da bai gani ba shi ne inda wayar ta nufa: ƙarƙashin kanta, cikin wata kwamfuta. Irin wannan allon masu harkar kiɗa suna ce masa kibod na midi. Kamanninsa na fiyano, amma ba shi da murya ko kaɗan. Aikinsa kawai ya gaya wa kwamfuta wane maɓalli aka danna da kuma ƙarfin dannawar. Ita ce ke fitar da sauti. Mai shago ya rantse ya yi wannan bayani. "Sau uku na faɗa masa," in ji shi. Gaskiyarsa ne. Amma ya faɗa ne yana durƙushe, ya ba shi baya, yana laluben waya a cikin kwali. Akawu kuwa tun da kunne ya fara yi masa wasa ya koyi karanta leɓe, idan kuma bai ga leɓe ba, sai ya gyaɗa kai ya ce, "To, to, madalla." Haka ya yi har sau uku. Ya ba da tsohuwar tafiretar da ya koyi aiki a kanta, ya riƙe wadda yake aiki da ita, ya rungumi allonsa ya kama hanya.

Ɗakin zamansu ƙarami ne: kujera doguwa ɗaya, keken ɗinki a gindin taga, tagar tana kallon tankin ruwan maƙwabta. Babu teburin da zai ɗauki allon, don haka Tela ta sadaukar da katakon guga. Akawu ya soka wayar a kan cajar salula. Nan take fitilu suka kama, wani ɗan gilashi ja ya nuna lamba. Ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya danna maɓalli.

Shiru. Ƙwas ɗin roba kawai, shi ma a yatsa ya ji shi.

Ya danna wani. Lambar da ke gilashin ta canza. Ya danna da ƙarfi, ta hau. Ya danna a hankali, ta sauka. A wurinsa wannan ya isa shaida: abu yana aiki, wuta ta kama, lamba tana amsawa. Ashe kunnen ne. A shago lasifikar ƙatuwa ce, shi ya sa ya ji. A gida kuma abin da likita ya faɗa ya riga ya iso. Ya makara. Bai so Tela ta ga haka a fuskarsa ba, sai ya lumshe ido, ya bi maɓallan yana rera kiɗan a cikin ransa, ya yi murmushi.

"Kina ji?" ya ce.

Tela tana riƙe da almakashi. Ba abin da take ji sai ƙwas-ƙwas, kamar ɓera a cikin kwali. Ta riga ta gane an sayar wa mijinta matacce, kuma ya ba da tafiretarsa a kai. Amma ta dubi fuskarsa, ta ga hasken da rabonta da gani tun ranar asibiti. Ta ɗauka kunnen ne ke yi masa gizo, yana jin abin da babu. Wa zai tashi mai barci daga mafarki mai daɗi?

"Ina ji mana," ta ce. "Ai da daɗi."

Haka suka yi sati shida, kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri.

Kullum idan ya dawo daga kotu ya ci abinci, bayan la'asar, sai ya zauna gaban katakon guga. Ya yayyanka farin salatif ya manna a kan maɓallai, ya rubuta wa kowanne harafi, kamar na tafireta. Ya san dai dama siriri ne, hagu kauri, don haka ya raba kiɗan bisa kintace: inda ya hau a ransa sai ya matsa dama, inda ya sauka ya koma hagu. Da safe, idan babu masu takarda, ya buga haruffan a tafireta layi-layi, da kabon, kwafi biyu. Yatsun da suka yi shekara talatin suna bugu ba su da wuyar horo. Cikin sati uku yana yin layi takwas ɗin ba tare da ya kalli takarda ba.

Ya ce waɗannan yammacin ba su yi kama da na kowane lokaci a rayuwarsa ba. Rana takan bugi tankin maƙwabta, ta dawo ta faɗo ta taga, ta kwanta a kan fararen maɓallai tana rawa kamar ruwa. Shi kuma yana can ƙarƙashin ruwan. Yakan ga bakin Tela yana motsi, ƙafarta tana taka keke, labule yana kumbura yana sacewa, duk ba sauti, sai kiɗan da ke cikinsa, wanda a tunaninsa yana fita ta ƙarƙashin ƙofa, ya sauka matakala, ya bi layi har bakin titi. Wani lokaci ya ga kamar masu wucewa suna rage tafiya. Har kunya yakan ji, ya sassauta hannu kada ya dami maƙwabta.

"Nan wurin fa?" yakan tambaya.

"Ya fi na jiya," in ji Tela, allura a bakinta.

"Ba ya yi ƙara da yawa ba?"

"Haba, Akawu. Ko jariri ba zai tasa ba."

Ita ma, in ji ta, ta fara sabawa. Ƙwas-ƙwas ɗin yana da nasa tsari, kuma shekara talatin tana jin kiɗan daga maƙoshinsa, don haka kanta yakan cike gurbin. Wata rana ta kama kanta tana taka keke daidai da bugunsa.

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ranar da za a koma asibiti ta zo, Akawu ya ce ba inda za shi. Ta ce don me? Ya daɗe yana goge tabarau da gefen riga, sannan ya ce, "Me ya rage a auna? Tela, tun ranar da na kawo abin nan ban ji ko ɗigo ba. Kunya ce ta hana ni faɗa. Ke da kike ji, ki riƙe mini shi. Ya ishe ni."

Ita a zatonta mafarki take gadi, ashe taimaka masa ta yi ya binne kunnensa da rai. Washegari yana fita kotu, ta naɗe allon a zanen gado, ta saɓa shi a kafaɗa, ta nufi bayan tasha.

"Kai ne mai shagon nan?"

"Ni ne, Mama. Sayarwa za ki yi ko saye?"

"Tsoron Allah na kawo maka, in kana da wurin ajiyewa." Ta kwance zanen a kan kanta. "Ka dubi tsoho mai furfura, ka karɓe masa tafireta, ka ba shi bebe?"

Mai shago ya kalli allon, ya kalli haruffan da ke manne a kan maɓallai, ya kalle ta. "Baba mai 'to, madalla'? A ina kuka haɗa shi?"

"A wuta mana. A ruwa za mu haɗa shi?"

"A'a, Mama, kwamfutar da kuka haɗa shi da ita nake nufi."

"Wace kwamfuta?"

Ya dafa kanta. "Tsaya. Sati nawa ke nan?"

"Shida."

"Sati shida yana kaɗa shi a caja?"

"Kullum bayan la'asar."

"Kuma me kuke ji?"

"Shi ba ya ji. Ni kuma ina ce masa da daɗi."

Mai shago ya fara dariya, amma da ya ga idonta ya cika, sai dariyar ta maƙale. Ya janyo mata kujera, ya kore kyanwar da ke kai. Ya soka wayar a kwamfutarsa, ya ce ta danna. Ta sa yatsa ɗaya. Lasifika ta amsa da ƙarfi har ta zabura ta yi salati.

"Lafiyarsa ƙalau, Mama. Kamar keken ɗinki ne ba zare: ki yi ta takawa, allura na hawa na sauka, amma ba ɗinki."

Wannan ta gane shi sarai. Ta ce to su ba su da kwamfuta. Ya ce ta kawo salularta. Ya laluɓo wani ɗan guntun mahaɗi a cikin kwali, ya sa mata manhajar fiyano, ya haɗa mata da wasu manyan abin sawa a kunne da fatarsu ta sassaɓe. Ya nuna mata inda za ta taɓa idan tana son salular ta ajiye abin da aka kaɗa. Tana naɗe kaya ya ce, "Af, ga wani abu." Ya nuna wasu ƙananan maɓallai biyu a gefen hagu. "Wannan in kika danna, duk sautin allon sai ya sauka ƙasa, ya yi kauri. Wancan kuma ya hau. Sau uku yake sauka, daga nan ya ƙure." Ta sa shi ya maimaita yana kallonta.

Akawu ya dawo ya tarar da allon a kan katakon guga, salula a gefe. Tela ta tsaya a gabansa inda zai ga leɓenta da kyau, ta gaya masa komai. Ya saurara har ƙarshe. Ya zauna a hannun kujera.

"Wato duk 'ya fi na jiya' ɗin nan?"

"Ƙarya ce."

"Da 'ko jariri ba zai tasa ba'?"

"Wannan kam gaskiya ce."

Ya yi dariya har tabarau ya zame. Sannan ya gane abin da maganar ke nufi: kunnen hagu yana nan. Ta sa masa abin kunne, ta ƙure ƙara. Ya ɗora yatsu a kan haruffansa, ya kaɗa layin farko kamar yadda ya yi sati shida yana yi.

Ya ji. Amma ba kiɗansa ya ji ba. Wani hargitsi ne, kamar an zubar da kwanuka a matakala. Kintace bai zama ji ba: inda ransa ya hau taki ɗaya, yatsansa ya hau uku. Takardun da ya buga da kabon, kwafi biyu-biyu, ba ɗaya da ta yi daidai. Ya cire abin kunnen ya ajiye a cinya.

"Wannan ba shi ba ne," ya ce.

"Na sani," in ji Tela. "Ai na fi ka saninsa. Kai rera shi kake yi, ni ce mai ji."

Daga ranar aikin ya koma na mutum biyu. Suka raba abin kunnen: ya riƙe ɓari ɗaya a kunnen hagu, ta kara kanta a ɗayan. Ta rera sauti guda, ya nema a allo. "Sama kaɗan. A'a, ka wuce, kurman gidana, dawo. Baƙin nan na kusa da shi. Yawwa." Idan aka samu, ya ɓare salatif ya sake rubuta harafi. Layin farko ya ci kwana tara. Sun yi faɗa a kan layi na biyar, ita ta ce yana sauka, shi ya ce kiɗansa ne ko nata? Aka gwada duka biyu, aka tarar nata ne daidai. Kayan 'yan makaranta suka taru a kan keke, iyaye suna aiko saƙo. Ya koma asibiti, ita ta raka shi. Likita ya ce na hagu ya ƙara ja baya kaɗan.

Abu ɗaya ya gagara. Sautin ƙarshen kowane layi, ƙararrawar nan da ke can sama, Tela ta samo masa maɓallinta, tana ji sarai, shi kuwa idan ya danna sai rami. Kowane layi yana hawa, yana hawa, sai ya faɗa shiru. Ya ce kamar mutum ne ya hau matakala a gidansu, ya tarar an cire ta ƙarshe.

Ranar da suka haɗa layi takwas, ya kaɗa daga farko har ƙarshe, ya ce, "To, alhamdulillahi. Saura ƙararrawa, ita ta riga ni gaba." Tela ta miƙa hannu gefen hagu na allon, ta danna ɗan maɓallin nan sau ɗaya.

"Sake," ta ce.

Ya sake. Kiɗan ya fito da kauri, kamar an sauko da shi daga rufi an ajiye a ƙasa. Yatsun ba su canza wuri ba, haruffan suna nan inda suke. Layi ya hau, ya hau, ya zo ƙarshe. Akawu ya danna. Hannunsa ya tsaya a nan, bai ɗaga ba, har sautin ya mutu don kansa.

"Ta buga," ya ce.

Ba irin ta tafireta ba ce. Ya ce ta fi kama da ƙararrawar wata makaranta da ake jiyowa daga tsallaken ruwa. Amma a wurinta ta zo, a ƙarshen layi, kuma daga waje ta shigo. Ya kaɗa layi takwas ɗin sau huɗu a yammacin nan. A na huɗu Tela ta taɓa inda mai shago ya nuna mata, salular ta ajiye kiɗan.

Wata bakwai ke nan da yin haka. Akawu yana nan a rumfarsa har azahar. Ya ja layi da jan biro a jikin tafireta, yana kallo maimakon saurare, kuma layi bai sake ƙure masa ba. Ya daina cewa "to, madalla" ga wanda ya ba shi baya. Guga kuwa a kan tabarma Tela take yi yanzu, don katakon bai dawo ba.

A watan da ya wuce ƙararrawar ta sake dushewa. Bai ɓoye ba. Yana kai ƙarshen layin farko ya girgiza kai. Tela ta taso daga keke, ta danna maɓallin karo na biyu. Kiɗan ya ƙara nutsewa, yanzu rabinsa a kunne yake jinsa, rabi a ƙashin muƙamuƙi. Saura dannawa ɗaya, su duka sun sani. Da aka tambaye shi bayan ita fa, sai ya ɗaga kafaɗa, ya dubi maɓallan da rana ta kwanta a kansu.

"Sai in zare wayar," ya ce. "Ai na taɓa kaɗa shi bebe. Bambancin, yanzu na san inda kowane sauti yake zaune."

Tela ta ce daga bakin keke, ba ta ɗago ba, "Ni dai kada ka tambaye ni ko da daɗi."

Bai ga leɓenta ba. Ya gyara abin kunne, ya koma layin farko.